Tsintar Dami a Kala: Fashin Baƙi kan Tsofaffin Makaɗan Blues da Ake Tonowa a Intanet

Akwai wani tsohon bidiyo, mai hoton baƙi da fari, da ke yawo a YouTube. Wani dogon dattijo ne baƙar fata mai tsiririn gemu, tsaye gaban makirufo. A hannunsa akwai ɗan ƙarfen busa da bai fi tsawon tafin hannu ba. Ya busa, ya rera baiti, ya sake busawa. Can sai ya cusa ƙarfen a baki ta gefe guda kamar mai zuƙar taba, ya saki hannuwa biyu yana ƙyasta yatsu, busar kuma ba ta yanke ba. Sonny Boy Williamson ke nan, gwanin blues, wato wani salon kiɗa na baƙaƙen fatar Amurka, a ɗaya daga cikin tafiye-tafiyensa na Turai a farkon shekarun 1960, gab da rasuwarsa a 1965. Duk wanda ya yi karo da wannan bidiyo da daddare, to ya yi sallama da barci da kuma datarsa, domin yana ƙarewa wani zai biyo baya, daga nan sai ka ga kanka kana sauraron wasu makaɗa na 1928 da ko a Amurka ba kowa ya san sunansu ba.

Masu irin wannan yawon dare sukan ce sun gano wani mawaƙi. Kalmar ganowa ita nake so mu warware, domin abin da waya ke miƙo mana a yau ya bi ta hannaye da yawa kafin ya iso, kuma a kowane hannu an zubar da fiye da abin da aka riƙe.

Mu fara da ƙarfen busar kansa, wato hamonika. Ba a Amurka aka ƙirƙiro ta ba. Kamfanin da ya cika duniya da ita shi ne Hohner, wanda wani mai gyaran agogo, Matthias Hohner, ya kafa a garin Trossingen na Jamus a 1857. A 1896 suka fitar da samfurin Marine Band, wanda har gobe yana aljihun masu busar blues da yawa. Ramuka goma ne a jere, kowane rami da 'yan siraran harsunan tagulla biyu a ciki: ɗaya yana kuka idan an hura iska, ɗayan sai an zuƙa. An jera muryoyin ne don waƙoƙin gargajiya na Turawa, masu tafiya tsaf daga wannan murya zuwa waccan ba tare da lanƙwasa ba. Araharta ce ta kai ta gonakin auduga na kudancin Amurka. A lokacin da jita ke bukatar tari, hamonika ba ta kai dala ɗaya ba, ga ta kuma tana shiga aljihun wando.

Abin da baƙaƙen fatar Kudu suka yi da ita, masu ƙera ta ba su taɓa tsara shi ba. Maimakon su tsaya kan muryar da aka buga a jikin ƙarfen, wadda ginshiƙinta hurawa ce, sai suka mayar da gindin waƙar kan ramukan zuƙa. Dalili kuwa shi ne a ƙananan ramukan, idan mutum yana zuƙa ya sauya zaman harshensa da faɗin maƙogwaronsa, muryar takan sunkuyo ƙasa, ta faɗa tsakanin muryoyi biyu, inda babu ramin da aka tanada mata. Wanda ya taɓa lura da yadda mai goge ke jan yatsa a kan tsirkiya har sautin ya yi kamar kukan mutum, zai gane abin da ake nufi. Wannan lanƙwasa ita ce ran busar blues. Da ita ake kwaikwayon kukan jirgin ƙasa, haushin karnukan farauta, da shessheƙar mai kuka.

A nan akwai wani abin dariya game da bidiyo. An ce gani ya kori ji, kuma ga mai koyon jita haka ne: yana ganin inda yatsu suka sauka. Amma hamonika duk aikinta a cikin baki yake, abin da ya rage a waje kuma hannaye biyu sun rufe shi. Kana iya kallon gwani sau ɗari ba ka ga komai ba sai kumatu da tafuka. Abin da intanet ya ba masu koyo a zahiri shi ne damar rage gudun bidiyo zuwa rabi, a maimaita daƙiƙa biyar sau talatin. Kunne ne dai har yanzu malamin.

Zagayen farko na ganowa kasuwanci ne tsantsa. A 1920 kamfanin Okeh ya fitar da faifan wata mawaƙiya baƙar fata, Mamie Smith, ya yi kasuwar da ba a zata ba. Nan kamfanoni suka farga cewa baƙaƙen fata ma suna sayen garmaho, suka ware musu jerin faya-fayai na daban, suka baza wakilai Kudu neman masu waƙa. Ɗaya daga cikin waɗannan wakilai wani mai kanti ne a Jackson ta jihar Misisipi, H. C. Speir. Ta hannunsa Charley Patton, Tommy Johnson da Skip James suka kai ga ɗakin ɗaukar murya, kuma wurinsa Robert Johnson ya fara zuwa gwaji. A duba wannan da kyau: kaso mai tsoka na abin da duniya ke kira asalin blues na Misisipi, zaɓin kunnen mai kanti ɗaya ne. Wanda bai burge shi ba, ko ranar gwaji ta same shi a gona, muryarsa ta bi shi kabari.

Kamfanin da ya fi kowa ɗaukar waɗannan mutane, Paramount, reshe ne na wani kamfanin kujeru a jihar Wisconsin. Suna ƙera akwatunan garmaho, sai suka shiga buga faifai don a sami abin sakawa a ciki. Kayan haɗin faifansu masu araha ne, shi ya sa idan ka ji waƙar Patton a yau kamar ana soya wani abu a bayansa. Ba laifin wanda ya ɗora bidiyon ba ne. Tun faifan yana sabo ba shi da tsabtar sauti, shekaru kuma suka ƙara nasu. Karayar tattalin arziki ta 1929 ta durƙusar da kasuwar, Paramount ya daina ɗaukar murya a 1932, kuma yawancin uwayen faifansa na ƙarfe, waɗanda daga su ake bugo sauran, sun salwanta. Saboda haka waƙoƙi da dama ba su da wani asali sai kwafi ɗaya ko biyu da suka tsira a ɗakin wata tsohuwa. Wasu ma an san an buga su, akwai lambarsu a takardun talla, amma har yau ba a ga ko guda ba.

Faifan wancan zamani yana juyawa sau 78 a minti, kuma kowane gefe ba ya ɗaukar fiye da minti uku da ɗan ɗoriya. Makaɗan da suka saba kwana suna wasa a gidan rawa, dole suka datse waƙarsu ta dace da faifai. Abin da muke ji guntu ne, an yanka shi daidai ma'aunin kasuwa.

Cikin ƙungiyoyin da na fi jin daɗin cin karo da su akwai na birnin Memfis masu busa tulu. Kayan kiɗansu na talaka ne: banjo, jita, hamonika, wani lokaci allon wanki, sai tulun da ake hura wa iska a baki ya ba da kaurin sauti. Ƙungiyar Gus Cannon, Cannon's Jug Stompers, ta yi wa kamfanin Victor faya-fayai tsakanin 1928 da 1930, kuma mai busarta, Noah Lewis, yana da wata irin busa mai sanyi da kaɗaici da ba ta yi kama da ta kowa ba. Lewis ya rasu cikin talauci a Ripley ta jihar Tennessee a 1961. Bayan shekara biyu, wasu Turawa uku masu suna Rooftop Singers suka sake rera wata tsohuwar waƙar Cannon, "Walk Right In", ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. Cannon yana raye, ya ɗan ɗanɗani rabonsa. Lewis kuwa, waƙarsa "Viola Lee Blues" ta fito a faifan farko na ƙungiyar mawaƙan zamani ta Grateful Dead a 1967, shekara shida bayan an binne shi.

Ga kuma DeFord Bailey, wanda shan inna ta kama yana ɗan shekara uku, ya koyi busa yana kwance. Ya zama ɗaya daga cikin taurarin farko na shirin rediyon Grand Ole Opry a Nashville, shirin da ake ɗauka a matsayin gidan kiɗan Turawan karkara. Busarsa ta kwaikwayon jirgin ƙasa ta shiga gidaje ba adadi. A 1941 aka sallame shi, ya koma sana'ar goge takalma a birnin, ya shafe shekaru a kanta. Sai a 2005, shekara 23 bayan rasuwarsa, aka shigar da sunansa zauren karrama gwanayen wannan kiɗa. Akwai bidiyonsa yana tsoho, ƙaramin mutum cikin kwat tsaf, yana tayar da jirgi daga tasha da numfashi kawai.

Zagaye na biyu ya fi taɓa zuciya, domin a nan an iske mutanen da ransu. Daga shekarun 1950 wasu samari Turawa suka kamu da son tsofaffin faya-fayan, suna bin unguwannin baƙaƙen fata gida-gida suna tambaya ko akwai tsohon faifai na sayarwa. Daga neman faifai aka koma neman masu muryar. Mississippi John Hurt ya yi waƙa a 1928 inda ya ambaci garinsu, Avalon. A 1963 wani saurayi, Tom Hoskins, ya bi wannan baiti har garin, ya tarar da dattijon yana aikin gona. A shekarar ya hau dandalin bikin waƙoƙin gargajiya na Newport. A watan Yunin 1964 aka sami Skip James kwance a asibiti a Tunica, aka kuma sami Son House can arewa a Rochester, ya daɗe da ajiye jita. Waɗannan mutane sun sami 'yan shekaru na tafi da kuɗin wasa kafin su mutu. Ba adalci cikakke ba ne, amma aƙalla sun ji da kunnensu.

Wani abin da mai kallo zai lura da shi shi ne yawancin bidiyoyin masu kyau ba daga Amurka suke ba. Gidajen talabijin na can ba su cika damuwa da waɗannan tsofaffi ba. Wasu Jamusawa biyu, Horst Lippmann da Fritz Rau, su suka fara shirya rangadin shekara-shekara na makaɗan blues a Turai daga 1962, talabijin na Jamus kuma yana ɗauka da kyamarori masu kyau. A watan Mayun 1964 gidan talabijin na Granada a Ingila ya tara Muddy Waters, Sister Rosetta Tharpe, da makahon mai busa Sonny Terry tare da abokinsa Brownie McGhee a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka daina aiki da ita a Manchester, 'yan kallo a ɗaya gefen layin dogo, ga ruwan sama. An ƙawata wurin da kayan da Bature ke zaton haka Kudancin Amurka yake. Nakan ji wani iri idan na ga manyan makaɗan birni an zaunar da su cikin irin wannan ado na ƙauye, amma ba don waɗannan kyamarori ba, da fuskokin da yawa ba mu san su ba.

Misali mafi ciwo shi ne Little Walter. Yana cikin miliyoyin baƙaƙen fata da suka yi ƙaura daga Kudu zuwa biranen Arewa, ya sauka Shikago, inda jita mai lantarki da ganga suka danne ƙaramar hamonika. Sai ya haɗa ta da ƙaramin makirufo a cikin tafukansa, ya rufe ruf, ya jona da amfilifaya, ya ƙure ta har sautin ya yi kauri da ƙara kamar na babban ƙaho. Busarsa mai suna "Juke" ta 1952 ta yi mako takwas a matsayi na ɗaya a jadawalin mujallar Billboard na kiɗan baƙaƙen fata, ba tare da baitin waƙa ko ɗaya ba. Kusan duk mai busar blues da ya zo bayansa ɗalibinsa ne. Amma bidiyonsa da ya rage 'yan mintuna ne, daga rangadin Turai na 1967, lokacin da giya da wahala sun riga sun ci shi, kuma ba da irin wancan sauti na amfilifaya da ya yi suna da shi ba. Ya mutu a farkon 1968 yana da shekara 37, bayan wani faɗa. Mai neman sanin Little Walter ta bidiyo kaɗai zai tafi da hoton da bai kai mutumin ba.

Zagaye na uku shi ne namu. An buɗe YouTube a 2005, ba da jimawa ba masu tara faifai suka fara ɗora abin da ke ɗakunansu, wani lokaci kyamarar na kallon faifan yana juyawa kawai. Kamfanonin da suka yi shekaru suna sake buga tsofaffin waƙoƙi, irin su Yazoo da Document, kayansu ma suka shigo. A 2012 aka buɗe wa kowa taskar Alan Lomax, mai yawon ɗaukar waƙoƙin gargajiya, mai ɗauke da dubban muryoyi. Don a gane girman canjin: a 2013 an sayar da kwafi ɗaya na wani faifan Tommy Johnson na Paramount a kan dala 37,100. Waƙar da ke cikinsa kuwa, yau yaro a ko'ina yana jin ta da kuɗin data.

Na'urar da ke zaɓo maka bidiyo na gaba ba ta san blues ba, ba ta san Noah Lewis ba. Abin da ta sani shi ne mutanen da suka kalli wannan sun kuma tsaya a kan wancan. Shi ya sa take iya ɗaga wani da aka manta ya sami masu kallo fiye da duk waɗanda suka gan shi a rayuwarsa, ta kuma bar na kusa da shi, wanda wataƙila ya fi shi, a cikin duhu. Tana son mai hoto mai motsi fiye da mai murya kawai, ke nan tana fifita waɗanda suka rayu har zuwa shekarun 1960 a kan waɗanda suka mutu tun da wuri.

Sai rikicin sunaye, wanda ya isa ya ruɗa kowa. Sonny Boy Williamson biyu ne. Na farko, John Lee Williamson, shi ya mayar da hamonika jagorar ƙungiya tun daga 1937, kuma 'yan fashi suka kashe shi a Shikago a 1948. Dattijon da na fara da shi sunansa Aleck Miller. Ya ari sunan ne lokacin da yake wani shirin rediyo na tallan garin fulawa a Helena ta jihar Arkansas daga 1941, ya kuma riƙe shi har mutuwa. Ba abin mamaki ba ne ka ga muryar ɗaya da hoton ɗayan. Walter ma biyu ne, ƙarami da babba, Big Walter Horton. Kamfanonin da can ma sun ƙara dagula lissafi, domin sukan fitar da mutum ɗaya da sunaye daban-daban: Jaybird Coleman na Alabama ya fito a wasu faya-fayai da sunan Rabbit's Foot Williams. Yanzu kuma ga sabuwar fitina, waƙoƙin da kwamfuta ke ƙirƙira a liƙa musu hoton tsoho da jita a ce ɓatacciyar waƙa ce ta 1930. Hanyar tantancewa ba ta da wuya: faifan gaske yana da sunan kamfani da lamba, ba ya wuce minti uku da 'yan kai, kuma sunan mawaƙin yana cikin kundayen da masu bincike suka daɗe da tattarawa.

Batun kuɗi kuwa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yawancin makaɗan shekarun 1920 an biya su ladan zama ɗaya ne, suka sa hannu, shi ke nan. Haƙƙin mallaka ya yi ta sauya hannu har ya taru a wurin manyan kamfanoni ƙalilan. YouTube yana da tsarin da ke gane sautin waƙa ya tura kuɗin talla ga wanda ya yi rajistar mallaka, kuma ba lallai ne jikan mai waƙar ya ga ko sisi ba. Wata doka da Amurka ta yi a 2018 ta saki duk abin da aka ɗauka kafin 1923 ya zama na kowa daga farkon 2022, na bayansu kuma har zuwa 1946 sai kowanne ya cika shekara 100. Ke nan faya-fayan Cannon da Lewis suna gab da fita. A 2023 manyan kamfanonin waƙa, ciki har da Universal da Sony, suka maka taskar intanet ta Internet Archive a kotu saboda aikinta na kwafe tsofaffin faya-fayan 78 tana sakawa kyauta. Ni dai a waccan shari'a zuciyata ba ta kasance wajen kamfanonin ba. Gobarar da ta cinye wani rumbun ajiya na Universal a 2008, wadda jaridar New York Times ta fallasa girmanta a 2019 ta kuma ce har da uwayen faifan kamfanin Chess na Shikago a ciki, ta nuna cewa mai takardar mallaka ba kullum ne mai iya adanawa ba, ko da yake kamfanin ya musanta cewa asarar ta kai yadda aka faɗa.

Mai kunnen Hausa zai ji wani abu da ya saba da shi a cikin wannan kiɗa, kuma ba mafarki yake ba. Masanin kiɗa Gerhard Kubik, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar waƙoƙi a Afirka, ya yi bayani a 1999 cewa salon rera blues na mutum ɗaya da kayan tsirkiya, da yadda ake karya murya, ya fi kusa da na yankin da ya taso daga Mali ya ratsa arewacin Nijeriya zuwa arewacin Kamaru, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Amma kada a yi saurin cewa namu ne aka kai can. Blues a Amurka aka haife shi, daga bauta da noman kashi-mu-raba da wariyar launin fata, kuma da ƙarfen Bajamushe ake busa shi.

Faifan da na fi komawa gare shi ba shi da hoto mai motsi ko kaɗan. A 1941 Alan Lomax ya je Lake Cormorant a Misisipi da na'urar ɗaukar murya ta ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Na'urar tana bukatar lantarki, sai aka taru a wani kanti da ke gefen layin dogo, kantin Klack. Son House yana waƙa da jita, Willie Brown da jita ta biyu, Fiddlin' Joe Martin da mandolin, suna yi wa juna kirari da ihu kamar ba a ɗauka. A YouTube galibi hoton Son House kaɗai za ka gani a kai. Mai hamonikar da ke bin sa a baya sunansa Leroy Williams. A tsakiyar waƙar jirgin ƙasa na gaske ya zo wucewa ta bayan kantin, ƙararsa ta shiga faifan, su kuma ba su tsaya ba.